Hular Ibro da Zabin Kawu

Kawuna bai taɓa cin abinci a gidan biki ba. Na daɗe ban lura da haka ba, domin duk wasan da yake yi a gidan biki na abinci ne. Zai zauna a tsakiyar taro ya tanƙwashe ƙafa kamar malamin da zai buɗe karatu, ya jawo faifan rufe ƙwarya ya riƙe shi kamar littafi, ya yi gyaran murya, sannan ya shiga jero hukunce-hukuncen tuwo da miya: wa ya cancanta ya fara sa hannu, mene ne hukuncin wanda ya hango tsoka a gaban ɗan'uwansa ya juya akushi da dabara, loma nawa ce ke karya zumunci. Mata suna dariya daga bayan zana har da riƙe ciki. In an tashi aka kawo masa nasa kwanon, sai ya ɗaga murfi ya yi godiya, ya turo mana mu yara, ya hau kekensa ya koma gida ya ci tuwon geron matarsa da miyar kuka.

A Binduri muka tashi, ƙasar Kusasawa, kudu da Bawku. Gidajen Hausawa a wurin ba su da yawa. Namu, yadda manya suke faɗa, daga Salaga ya taso, lokacin da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar goro, fatake suka bazu, wasu suka yi Yendi, wasu Karachi, wasu suka ci gaba da gangarowa har suka tsaya inda Allah ya tsayar da su. Mu noman albasa ya riƙe mu. Da rani ana shuka ta a bakin ruwa, a kai Bazua ko Bawku, wadda kasuwarta ke ci duk bayan kwana uku. Kawu manomin albasa ne kamar kowa. Barkwancin ba sana'arsa ba ce, ko da yake ana yi masa kari in ya yi. Ya ce a Yendi ya ga wani tsoho yana yi lokacin yana almajiranci, sai daga baya na san cewa abin yana da suna a ƙasar Hausa, kamanci, masu yinsa kuma 'yan kama. Abin da kawu ya ƙara nasa shi ne harshe. Yana iya fara magana da Hausa, ya karya ta da Kusasanci, ya zagi Bamoshe da Mosanci a gabansa, ya tsokani Babusange da maganar gyaɗa, kowa ya tafi gida yana ganin shi aka fi so.

Amma a gida mutum ne da ba ya son hayaniya ko kaɗan. Yana da zabi, kuma zabi su ne kaɗai masu surutun da ya yarda da su. Ya san kowacce, ya san wadda ke kai ƙwai cikin ciyawar bayan rumbu. Shayinsa ba madara, sukari ɗan kaɗan. Rigunansa farare guda uku ne, shi yake ninke su da kansa ya sa ƙarƙashin tabarma. In magariba ta wuce ya kunna rediyo yana jin Sashen Hausa na BBC, yaron da ya yi tari ma sai ya sha harara. Ban taɓa jin ya ba matarsa dariya da gangan ba. Ba wai baƙin rai gare shi ba, kada a ɗauka irin labarin nan ne na mai sa mutane dariya yana kuka a ɓoye. Mutum ne mai tsari kawai, wanda ya ware wa kowane abu wurinsa, wasa yana da dandali, gida kuma gida ne.

A farkon shekarun 2000 ne Ibro, mai finafinan barkwanci, ya iso mana. A zangon Bawku akwai gidajen kallo, ɗaki ne ko rumfar kwano, da benci-benci, da talabijin a kan tebur, da janareta tana ƙugi a waje. Kaset ɗin kuwa 'yan kasuwa ne ke shigo da su, wasu ta Sinkase a bakin iyakar Togo, wasu daga Kumasi. Ranar kasuwa in mun raka buhunan albasa, abin da aka ba mu na koko da ƙosai shi muke ɓoyewa mu biya kuɗin shiga. Finafinan Indiya da na Cana sun riga shi zuwa, na soyayyar Kano ma suna nan, masu rawa a cikin lambu. Amma ranar da aka ce sabon Ibro ya zo, sai ka ga dattijon da ke cewa kallo aikin banza ne ya raɓe a bakin taga yana cewa yaronsa ya zo nema.

Ibro siriri ne, da jar hula, da fuskar da ke iya nuna tsoro da wayo a lokaci guda. Finafinansa irin waɗanda ake kira camama ne, na ƙaramin jari, yawanci a ƙauye, gidan ƙasa da zaure da akuya tana wucewa ta gaban kyamara ba wanda ya kore ta. Wannan ƙauyen shi ya kama mu. Finafinan soyayya suna nuna mana falo da kujerun da ba mu taɓa zama a kai ba, shi kuwa Ibro yana faɗa da Tsigai, matarsa a fim, a tsakar gidan da ba shi da maraba da namu. Kuma duk abin da duniya ke magana a kai sai ya jawo shi cikin wannan tsakar gida. Awilo Longomba ya yi tashe, aka yi Ibro Awilo. Aka kai harin Amurka na 2001, a 2002 sai ga Ibro Usama, bayansa Ibro Saddam. Manyan sunayen da kawu ke ji a rediyo cikin natsuwa, mu muna ganinsu a Bawku sanye da gemun roba suna gudu a gona.

Akwai kuma maganar harshe, wadda sai wanda ya tashi a zangon Gana zai gane nauyinta. Hausarmu ta nan ba ta damu da bambanta mace da namiji ba, muna cewa mace ya zo ba tare da jin mun yi laifi ba, kuma haruffa masu ƙugiya sun sulale daga bakin da yawa daga cikinmu. A bakin Ibro muka ji Kananci na kasuwa da na tasha, da saurinsa da habaicinsa. Yara suka riƙa haddace maganganunsa suna jifan juna da su a hanyar rafi. Malamin allonmu ya yi shekaru yana gyara mana "ta" da "ya" da bulala bai ci nasara ba, kaset ya yi masa rabin aikin a damina biyu.

Sau ɗaya na ga kawu ya kalli Ibro daga farko har ƙarshe. Wani maƙwabci ne ya yi aure ya ɗauko talabijin da janareta daga Bawku, aka kafa a fili. Ina zaune kusa da shi ina satar kallon fuskarsa, domin ina so in ga ko kishi zai kama shi. Bai yi dariya da ƙarfi ba ko sau ɗaya, sai dai kafaɗarsa ta riƙa motsi. A hanyar gida na ce, "Kawu, yaya ka ga mutumin?" Ya yi shiru har muka wuce rijiya, sannan ya ce, "Yaron nan ya taɓa zama ƙarƙashin mai ba da oda. Dubi yadda yake ƙamewa in babba ya yi masa tsawa, jikinsa ya yi ladabi, idonsa yana zagi. Ba a koyon wannan a gida."

Shekaru bayan haka na ji tarihin Ibro. Sunansa Rabilu Musa, an haife shi a 1971 a Ɗanlasan, kusa da Wudil a Jihar Kano. Ya yi kwalejin horon malamai ta Wudil, sannan ya shiga aikin gidan yari, ya yi shekaru yana gandiroba kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasan kwaikwayo, fim ɗin 'Yar Mai Ganye ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1990. Da na kawo wa kawu labarin, ko mamaki bai yi ba, ya ci gaba da watsa wa zabinsa dawa.

Abin da ke ba ni mamaki yanzu in na waiwaya shi ne yadda ba mu taɓa tambaya ba. Mun yi shekaru muna kallon mutumin nan, mun san tafiyarsa, mun san yadda yake zare ido, amma ba wanda ya taɓa cewa shin wace mota yake hawa, ko wane abinci ya fi so, ko yaya gidansa yake. A wurinmu Ibro shi ne mai jar hular, matarsa Tsigai, abincin da ya fi so shi ne wanda ya sato a fim ɗin ranar. Wasu tsofaffin mata a unguwarmu sun yi imani auren nasu na gaske ne, har suna tausaya mata. Haka ma 'yan wasan Kudu da muke gani a talabijin ɗin Gana, irin su Bob Okala da ke ɗaura agogon bango a hannu. Agogon muka sani. Mutumin da ke kwance agogon da dare ya ajiye, ba ruwanmu da shi, kuma ina jin shi ma ya fi son haka.

Abin da mutum yake so, in mai fasaha ne, yana fitowa a zaɓin da yake ta maimaitawa. Rabilu Musa ya samu sunan da zai iya sa babbar riga ya fito a alhajin birni, amma ya yi ta komawa wanzami, direba, ɗan ƙauyen da ya shigo birni ya rikice, talakan da ke neman na tuwo ta hanyar da ba ta ɓullewa. Yana son waƙa, kuma yana son ya ɗauki karin da ke tashe ya cusa masa maganar da mai karin bai taɓa tunani ba. Yana son ya tsaya dab da layin da manya suka ja, ya sa ƙafa ɗaya a kai yana kallonsu. Wannan na ƙarshen shi ya kai shi inda ya fito.

A 2008 ne. Lokacin hukumar tace finafinai ta Jihar Kano tana hannun Abubakar Rabo Abdulkarim, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, an matsa wa 'yan fim lamba ƙwarai. Kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari ta ɗaya ƙofar. Labarin ya same mu a mummunan lokaci, domin tun ƙarshen 2007 rikicin sarautar Bawku ya sake tashi, an sa dokar hana fita, sojoji sun cika gari, gidajen kallo da ke cika da dare suka rufe tun la'asar. Kasuwar albasa ta yi sanyi, ga sabon kuɗin da aka canza a 2007, sidi 10,000 ya koma sidi 1, tsofaffi suna ta ruɗewa a lissafi. A wannan shekarar kawu ya daina wasa a taro. Ba wanda ya hana shi. Ya ce dai tsokanar da yake yi wa ƙabilu tana bukatar wurin da kowa ya tabbata wasa ne, kuma wurin ya ƙare. Maganar da a da za ta sa Bakusashe da Bamamfurshe su tafa hannu, yanzu tana iya sa a ƙirga wa ya fi yin dariya. Da na gaya masa an ɗaure Ibro, sai ya ce, "Can hukuma ce ta kama shi, da sauƙi. Wata biyu ne."

Daga nan abubuwa suka yi ta sauyawa da sauri. Kaset ya ba faifai wuri, faifai ya ba ƙaramin katin waya wuri. Binduri ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2012, aka kafa ofisoshi, aka ƙara jan wuta, ko da yake shekarun ɗauke wutar da 'yan Gana suka sa wa suna dumso sun biyo baya nan take. Gidajen kallo suka koma na ƙwallon Turai.

Ranar Laraba 10 ga Disamba 2014 Rabilu Musa ya rasu, bayan fama da ciwon ƙoda, yana da shekara 42. A waya na gani, kafin rediyo ya faɗa. A ranar ne da yawa daga cikinmu suka fara jin sunansa na yanka. A ranar ne kuma muka fahimci cewa wasu finafinan da muka yi ta ƙyaƙyata dariya a kansu a ƙarshe-ƙarshen nan, mai ciwo ne ya yi su. Na tuna na lura ya rame a wani fim, na ɗauka duk cikin shiri ne.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa da can komai ya fi kyau. Labulen da ke tsakanin ɗan wasa da masu kallonsa ya kare masa mutunci, gaskiya ne, amma ya kare mu mu ma daga jin nauyinsa. Kaset ɗin da muke kallo a Bawku kwafin kwafi ne, hoton har ya yi fari-fari. Kuɗin kokon da na yi ta biya shekara da shekaru, mai janareta ya ci, mai kwafi ya ci, ban jin ko kobo ya isa Wudil. Mun so shi so na gaske, son da bai taɓa sa mu tambayi ko yana da lafiya ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Karkuzu na Jos, wanda iyayenmu suka sani tun zamanin wasan talabijin, sai da ya tsufa ido ya tafi, bidiyonsa ya zagaya yana neman taimako, sannan ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Wayar da nake shirin kushewa ita ce ta kai kukansa inda aka ji.

Duk da haka in na karɓi wayar ɗan yayata na duba masu barkwancin da yake bi a TikTok da Facebook, sai in rasa inda wasan ya tsaya. Ya san motar kowannensu. Ya san wanda ya yi sabon aure da wanda ya saki, ya san wanda ba ya cin yaji, ya ga ɗakin kwanansu, ya ga ranar da aka sa wa ɗaya ƙarin ruwa a asibiti, da allurar a hannu, da waƙar tausayi a ƙarƙashi. Rabin abin da suke sakawa ba barkwanci ba ne, rayuwarsu ce, ko abin da aka shirya ya yi kama da ita. Na tambaye shi wane wasa ne na wani da ya fi so ya fi ba shi dariya. Ya yi tunani ya kasa kawo ko ɗaya, amma ya gaya mini sunan unguwar da yaron ya sayi fili.

Ban ga laifin yaran ba sosai. Abin da ke biyansu shi ne yawan idon da ya tsaya a kansu, ido kuwa ba ya ƙoshi da wasa na minti ɗaya, sai ya leƙa ɗaki. Ibro yana iya yin wata guda ba a ji ɗuriyarsa ba, sabon kaset ya fito a yi layi. Na yau in ya yi kwana uku bai saka komai ba, an wuce shi. Barkwanci kuwa ba rijiya ba ce da za a yi ta ɗiba kullum, dole ranar da babu a cike gurbin da abin da ke akwai, wato matarka da tuwonka da rashin lafiyarka. Ga shi kuma hukuma ba ta canza hali ba. A 2022 wata kotu a Kano ta sa an yi wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin saboda sun taɓa gwamna Ganduje. Sun buɗe gidansu ga duniya, kuma layin da Ibro ya taka yana nan inda yake.

Wani abu guda da na kasa saba wa da shi shi ne dariyar kaɗaici. A gidan kallo in Ibro ya yi wata ɓarna, benci gaba ɗaya ke girgiza, wanda bai ji Hausa sosai ba ya dafa na kusa da shi ya ce me ya ce, a fassara masa da Kusasanci, ya yi tasa dariyar a makare, a sake yi masa dariya a kan makarar. Yanzu tun da rikicin ya dawo a ƙarshen 2021, aka sake sa dokar hana fita, har da hana hawa babur da sa batakari a cikin Bawku, dare ya yi tsawo, kowa yana ɗakinsa. Sai ka ji yaro shi kaɗai a duhu ya yi 'yar dariya ta hanci, fuskarsa ta yi shuɗi da hasken waya, ya wuce zuwa na gaba.

Kawu ya tsufa yanzu, keken yana jingine a zaure taya ba iska. Zuwana na ƙarshe, bayan sallar isha, ɗan yayar tawa ya zo ya durƙusa kusa da shi da waya a hannu. Ashe ya ji labarin wasan da kawu yake yi a da. Ya ce, "Kaka, don Allah ka yi mana karatun tuwon nan ko na minti ɗaya in ɗauka. Wallahi za ka yi suna. Sai mu nuna zabinka ma, da inda kake shan shayi, mutane suna son irin wannan."

Kawu ya dube shi, ya dubi wayar. Ya ce, "Su wa za su gani?"

"Kowa da kowa, Kaka. Har Kano."

"To in sun gani, wa zai turo musu kwanon?"

Yaron bai gane ba, ya juyo yana kallona. Ni kuma na karɓi wayar na nemo wani tsohon Ibro a YouTube, mai hoto fari-fari irin na kwafin da muka saba, na jingina ta da butar shayi. Muka matso mu uku. Jar hular ta bayyana, ana yi masa tsawa ya ƙame. Can na ji tabarma tana ɗan motsi, na duba, kafaɗar kawu ce.